WA KE DA ALHAKI IDAN JIRGI YA KIFE?

Jawabin da aka gabatar a zaman muhawara na Ƙungiyar Ɗalibai



Gabatarwa

Da farko dai muna miƙa godiyarmu ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa a gabanku, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka girme mu, suka kuma fi mu zurfin karatu. Batun da muka ɗauko shi ne alhakin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar mutane a bisa ruwa, da wanda ta ɗora wa mutumin da aka ɗauka, da kuma wanda ta ɗora wa hukuma. Mun zaɓi wannan batu ne domin mu mutanen ƙasar Mafara ne, daga Garbadu, kuma duk wanda ya tashi tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san cewa da zarar damina ta yi nisa, zuwa gona da cin kasuwa da kai majiyyaci asibiti sukan koma hannun ɗan fito.

Kafin mu kai ga dokokin gida, za mu yi ɗan balaguro da ku zuwa ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, inda mutane ke wasan zamiya a bisa duwatsu. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan biri da gada. Dalilinmu shi ne, mutanen can sun shafe fiye da shekara hamsin suna jayayya a kotuna da majalisu a kan tambayar da ke gabanmu yau, watau idan mai wuri ya karɓi kuɗi ya shigar da jama'a cikin abin da ke da haɗari, ina alhakinsa ya tsaya, ina kuma na mai shiga ya fara. Amsoshin da suka samu za su yi mana amfani a bakin gulbi.

Ruwan da ke maƙwabtaka da mu

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya biyo ta ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, kafin ya je ya haɗu da Rima a kusa da birnin Sakkwato. A da can, ruwansa na lokaci ne: ya cika ya batse da damina, ya malale fadamu, da rani kuwa ya janye har yaro ya tattaka yashi ya haye. A shekarar 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori a bisa wannan gulbi. Aka sami tafki mai faɗin hekta 8,000 wanda ke iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, aka kuma shata hekta 23,000 domin noman rani. Dubban mutane suka bar gidajensu da gonakinsu, kuma tarihi bai manta da watan Afrilu na 1980 ba, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoma masu neman diyya, aka yi hasarar rayuka.

Abin da ya shafi batunmu a nan shi ne, ruwan da ke zuwa ya tafi ya zama mazauni. Mutanen tudu, waɗanda ba su gaji su ba, ba su kuma gaji tuƙi ba, suka wayi gari ga tafki a gabansu, ga magudanan siminti masu santsi suna ratsa bakin ƙauyuka, inda mata ke wanki, yara ke wanka, makiyaya ke shayarwa.

Don kada a ce muna faɗar tsoro ne kawai, bari mu tuna wa juna abin da ya faru a maƙwabta. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara ta Jihar Kabi ya dare a tsakiyar Kwara ɗauke da fiye da mutum 150, waɗanda aka ceto kuwa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara, a tafkin Watari na Jihar Kano, wanda shi ma madatsa ce ta haifar da shi kamar Bakolori, jirgin da ya ɗebo 'yan makarantar Islamiyya daga Badau zuwa Maulidi a Bagwai ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara. A watan Satumba 2024, a Gummi cikin jiharmu ta Zamfara, jirgin da ya ɗauki manoma zuwa gona da safe ya kife, fiye da mutum 40 suka salwanta. A dukkan waɗannan, abin da aka fi ambata shi ne lodin da ya wuce ƙima, da rashin rigar kariya mai hana nutsewa.

Abin da mutanen ƙanƙara suka koya

Wasan zamiya dai shi ne mutum ya ɗaura wasu dogayen sillaye biyu a ƙafafunsa, ya hau ƙololuwar dutsen da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, ya sulalo ƙasa da gudu. Akwai kamfanoni masu mallakar irin waɗannan wurare a Italiya da Ostiriya da Faransa da Amurka, su ne ke share hanyoyin zamiyar, su kuma haurar da jama'a sama a cikin wasu kujeru ko 'yan ɗakuna da ke rataye jikin igiyar ƙarfe, abin da za mu kira jirgin igiya.

Da fari, idan mutum ya karye a wurin wannan wasa, akan ce ai shi ya kai kansa. Amma a 1978 babbar kotun Jihar Bamont ta Amurka ta tabbatar da diyyar Dala miliyan ɗaya da rabi ga wani saurayi ɗan koyo wanda ƙafarsa ta sarƙe da wani ɗan kurmi da ke ɓoye a hanyar da aka ware wa 'yan koyo, ya faɗi, jikinsa ya shanye. Hujjar kotu ita ce, faɗuwa tana cikin ɗabi'ar wasan, amma barin tarko a hanyar da ka gyara ka kuma karɓi kuɗinta sakaci ne na mai wuri. Wannan hukunci ya girgiza masu wuraren, har jihohi da dama suka zauna suka rubuta doka. Jihar Kolorado ta yi tata a 1979, ta raba alhaki gida biyu. Mai wuri wajibi ne ya kafa alamu masu nuna hanya mai sauƙi da mai wuya, ya nuna iyakar filinsa da hanyoyin da aka rufe, ya kuma sa alama a jikin abin da ɗan Adam ya kafa wanda mai gangarowa ba zai hango da wuri ba. Mai wasa kuwa wajibi ne ya san iyakar iyawarsa, ya riƙe linzamin gudunsa, ya kauce wa wanda ke gabansa, kada ya yi wasa cikin maye, kuma idan ya buge wani kada ya bar wurin sai ya ba da sunansa da adireshinsa. Tun 1967 ma hukumar wasan ta duniya, wadda ake kira FIS, ta fitar da ƙa'idoji goma masu kama da waɗannan, kuma kotunan Turai sukan dube su wajen gane mai laifi.

Kada kuma a ɗauka doka ce ta kan takarda kawai. Ranar 1 ga Janairu 2009 Dieter Althaus, Firimiyan Jihar Turingiya ta Jamus, ya yi karo da wata mata a wurin zamiya a Ostiriya, matar ta rasu. Muƙaminsa bai hana kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci ba, ta ci shi tarar Yuro 33,300. A 2024 kuma babbar kotun Kolorado ta yanke cewa takardar da kamfani ke sa baƙo ya rattaba wa hannu, cewa ya yafe duk abin da ya same shi, ba ta sauke wa kamfanin wajiban da doka ta rubuta a kansa.

Sai misali na ƙarshe, wanda ya fi taɓa mu. Ranar 23 ga Mayu 2021 igiyar wani jirgin igiya ta tsinke a dutsen Mottarone na arewacin Italiya, mutum 14 suka mutu, yaro ɗaya ya tsira. Bincike ya nuna an sa wani ƙarfe da gangan an hana birkin gaggawa aiki, domin birkin yana yawan tsayar da jirgin yana kawo cikas ga harka. Ranar 26 ga Mayu aka kama mutum uku, har da mai kamfanin. Jama'a ku lura da wannan rana, domin ita ce ranar da jirgin Wara ya dare. A can tambayar farko ita ce wane ne ya yi sakaci. A nan kuwa, al'adarmu ita ce a yi jana'iza, manya su aiko da ta'aziyya, a raba buhunan abinci, sa'an nan a koma wa tsohon hali har wata damina.

Abin da dokokinmu suka tanada

Haƙiƙa ba mu da talaucin doka a wannan fanni, sai dai ƙarancin saninta. Rijiyoyi uku muke ɗiba.

Ta farko ita ce shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda iyayenmu suka karanta a zaure tun kafin zuwan Turawa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ga cewa mahayin dabba da mai janta da mai korarta su ke da lamunin abin da ta taka. Wannan ita ce ƙa'idar da mutanen ƙanƙara suka iske daga baya, cewa mai gudu shi ke da alhakin wanda ke gabansa. Game da jirgin ruwa kuwa, littafin ya nuna mai jirgi ba ya ranko idan kaya suka nutse, kuma ba shi da ladan fito sai ya isar. Amma masu sharhi sun bayyana cewa wannan sassauci na wanda bai yi sakaci ba ne, bai kuma ƙetare iyaka ba. Wanda ya loda wa jirgi abin da ya san ba zai ɗauka ba ya fita daga wannan inuwa. Haka nan kisan kuskure, ko da babu niyya, shari'a ta ɗora masa diyya da kaffara, watau ran ɗan Adam ba ya tafiya a banza don kawai ba a yi nufi ba.

Ta biyu ita ce dokar da muka gada daga Ingila. A 1932, a wata shari'a da ta taso daga Sikotilan a kan wata mata da ta ce ta sami dodon koɗi a kwalbar abin sha, Mai Shari'a Atkin ya kafa ƙa'idar cewa wajibi ne kowa ya yi hattara gwargwadon hankali don kada ya cuci wanda aikinsa zai iya shafa. Kotunan Nijeriya suna aiki da wannan ƙa'ida. Mai ƙara zai nuna abu uku: akwai wajibin kulawa, an karya shi, kuma karyawar ce ta jawo cutar. Har wa yau, mai jirgi yana amsa sakacin yaron da ya ɗauka aikin tuƙi, kuma idan wanda aka cuta shi ma ya yi nasa gangancin, kotu takan rage masa diyya gwargwadon rabonsa na laifi. A ɓangaren laifuka, kundin Final Kot na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci ga wanda ya jawo mutuwa ta hanyar ganganci ko sakaci.

Ta uku ita ce dokar sufurin ruwa. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, watau NIWA, mai hedkwata a Lakwaja. A watan Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon Gwamnatin Tarayya a kan waɗannan hanyoyi, a shari'ar da aka daɗe ana yi da Jihar Legas. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 kuwa sun wajabta rajistar jirgi, da sa rigar kariya ga kowane fasinja, sun hana lodi fiye da ƙima, sun kuma hana tafiyar dare.

Alhakin mai jirgi

A nan ne za mu nuna inda misalin ƙanƙara ya yi daidai da namu, da inda ya saɓa. Mai wasan zamiya shi ke riƙe da gudunsa, shi ke zaɓen hanyarsa, saboda haka doka ta ɗora masa kaso mai tsoka. Amma da zarar ya zauna a jirgin igiya, ba shi da sauran iko, ransa yana hannun mai injin, don haka ne kotunan Kolorado suka ce a wannan hali ana bukatar mai wuri ya yi matuƙar kulawa. To, fasinjan kwale-kwale ya fi kama da mazaunin jirgin igiya. Tsohuwa mai ƙwaryar fura da ta shiga jirgi ba ta riƙe da filafili, ba ta san inda katakon ya ruɓe ba, ba ta san inda igiyar ruwa ke juyawa ba. Wanda ya san waɗannan shi ne mai jirgi, kuma nauyi a doka yakan bi sani da iko.

Saboda haka abu huɗu ke wuyansa. Na ɗaya, lafiyar jirgin, watau ya duba yoyo da tsaga, ya toshe, ya ajiye abin kwalfe ruwa. Na biyu, lodi. Abin da ke raba jirgi da nutsewa shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da leɓen jirgin. Kowane buhun shinkafa da kowane babur da aka ƙara yana cin wannan tazara, har ta kai ga 'yar igiyar ruwa ko motsin mutum guda ya isa ya kwararo ruwa ciki, kuma ruwan da ya shiga yakan gangara ɓangaren da ya karkata ya ƙara masa nauyi. Na uku, lokaci da hanya: kada ya tashi bayan faɗuwar rana ko sa'ad da hadari ya haɗo, ya kuma san inda kututture yake, domin tafkin da ya rufe tsofaffin gonaki da kangaye ba ya rasa su a ƙarƙashi. Na huɗu, rigar kariya ga kowa, har da yara gwargwadon jikinsu. Cewa da mai jirgi zai yi ai su suka nace sai sun shiga, ba ta fid da shi, kamar yadda takardar yafewa ba ta fid da kamfanin Kolorado ba. Ƙin ɗaukar mutum na ƙarshe yana cikin aikin tuƙi.

Alhakin fasinja

Duk da haka, ba mu ce fasinja ba shi da nasa kaso ba. Ranar Talata, da kasuwar Mafara ta watse, kowa yana ɗokin isa gida kafin magariba, kuma a irin wannan lokaci ne jama'a kan yi wa mai jirgi ca, su kira shi matsoraci idan ya ce ya cika. Wanda ya ga ruwa ya kusa leɓen jirgi ya kuma tura kai ya shiga, ya sa ransa da na wasu cikin haɗari. Wanda aka miƙa wa riga ya ƙi sawa don wai ta yi dauɗa ko don wai shi ya iya iyo, ya manta cewa a ranar kifewa ba shi kaɗai zai faɗa ruwa ba, mutum biyar ne za su ƙanƙame shi. Wajibin fasinja ne ya zauna inda aka zaunar da shi, kada ya miƙe tsaye a tsakiyar ruwa, ya bi umurnin matuƙi. Malamin da ya ɗebo almajirai, da uwar da ta ɗebo 'yan rakiyar amarya, nauyinsu ya ninka, domin yaro ba shi da yardar da doka za ta karɓa, babban da ke tare da shi ne ke yarda a madadinsa. Irin wannan tunani ne ya sa Italiya, a dokarta ta 2003, ta fara tilasta hular kwano a kan yara masu zamiya 'yan ƙasa da shekara 14 kafin kowa.

Alhakin hukuma

Yanzu sai mu zo ga babban bambanci. Baturen da ya hau dutse nishaɗi ya kai shi, in ya ga dama ya zauna gida. Manomin Gummi kuwa gonarsa ce ke ƙetare, in bai haye ba iyalinsa ba su ci ba. A wasu wuraren ma tsoron 'yan bindiga ne ke kora jama'a cikin ruwa, kamar yadda ya faru a yankin Birnin Magaji a watan Agusta 2025, inda jirgin masu gudun tsira ya kife da su. Mutumin da ba shi da zaɓi ba a ce masa ya yarda da haɗari. Idan jirgi ɗaya ne a mashigi, mutane ɗari suna jira, to dokar hana lodi ita kaɗai ba za ta yi aiki ba, sai an ƙara jirgi ko an gina gada. Haka kuma ɗan fiton da ke karɓar 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, ba shi da halin sayen riguna talatin daga aljihunsa. Wannan nauyi na ƙaramar hukuma ne da jiha da tarayya. A 2025 ma'aikatar harkokin teku ta tarayya ta raba dubban rigunan kariya a wasu jihohi, abin yabo ne, amma riga tana amfani ne idan tana bakin ruwa a hannun wanda za a tambaya in ta ɓace.

Akwai kuma alhakin mai madatsa. Bakolori tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma duk wanda ya tara ruwa mai yawa haka ya zama tamkar mai wurin zamiya, domin shi ya gyara wurin, shi ya san haɗarinsa. Hankali da doka suna bukatar a yi shela a garuruwan da ke ƙasa kafin a saki ruwa, a kafa alamu da Hausa da ajami da zane a wuraren zurfi, a yi matakala a jikin magudanan siminti domin wanda ya zame ya sami abin kamawa, a kuma sa makari a gadojin da yara ke bi.

Batun ƙaddara

Mun san akwai mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma kai ƙarar maƙwabci a kan mutuwa abin kunya ne. Mu ma mun yi imani da ƙaddara. Sai dai malaman da suka karantar da mu ƙaddara su ne kuma suka karantar da mu babin diyya da lamuni, ba su ga saɓani tsakaninsu ba. Iyalan mamaci suna da ikon yafewa, kuma yafewa alheri ce, amma ana yafewa ne bayan an san abin da ya faru da wanda ya yi shi. Idan ba a bincika ba, jirgin da ya kashe na jiya shi za a tsamo a shanya a ɗauki na gobe.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu nan da 'yan shekaru za su zama akawuna da sakatarori da injiniyoyi da lauyoyi a waɗannan ƙananan hukumomi, wasu a zauren nan ma sun riga sun kama aiki. Muna ba da shawarwari huɗu waɗanda ba su bukatar kuɗi mai yawa.

Na farko, layin lodi. A 1876 majalisar Ingila, bisa fafutikar wani wakili mai suna Samuel Plimsoll, ta wajabta a zana alama a jikin jiragen ruwa domin nuna iyakar lodi, kuma har yau jiragen teku suna ɗauke da ita. Gwangwanin fenti guda ya isa a ja wa jiragen mashigi ɗaya irin wannan layi, a kuma rubuta adadin mutane a goshin kowane jirgi, ta yadda wanda bai yi boko ba ma zai duba ya ga ko layin ya nutse.

Na biyu, a mayar wa sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito martabarsu. Jami'in da ke Lakwaja ba zai tsaya a kowane mashigi ba, amma Sarkin Ruwa yana nan, ya san kowane jirgi da mai shi. Ƙaramar hukuma, tare da masarauta, tana iya ba shi ikon hana jirgi tashi, ta kuma damƙa masa ajiyar riguna da littafin ƙidayarsu.

Na uku, rubutu. A riƙa rubuta adadin waɗanda suka shiga kafin a tashi, a kuma buɗe rajistar haɗurra a kowace sakatariya, a rubuta rana da wuri da sanadi. Sau da yawa bayan haɗari akan ji alƙaluma suna karo da juna, domin babu wanda ya ƙirga mutane tun a gaɓa. Gwamnatin da ba ta da rubutaccen adadi ba ta san mashigin da ya fi bukatar gada ba.

Na huɗu, wayar da kai. Idan muka koma gida hutu, mu je wurin limamai da malaman makarantun allo da na boko da shugabannin kasuwa, mu bayyana musu abin da doka ta ce cikin harshen da suke ji, mu kuma roƙi masunta su koya wa yaran ƙauyukan bakin ruwa iyo a wuri marar zurfi, bisa kulawar manya.

Kammalawa

A taƙaice, mun nuna cewa mutanen ƙanƙara sun bambance haɗarin da ke cikin ɗabi'ar abu da haɗarin da sakaci ya haifar, sun kuma rubuta wa kowa kasonsa. Mun nuna cewa shari'ar Musulunci da dokar boko da ƙa'idojin sufurin ruwa duka sun yi wannan bambancewa, kuma da yake mutanenmu lalura ce ke kai su ruwa, kason mai jirgi da na hukuma ya fi na fasinja nauyi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Muna roƙon wannan ƙungiya ta naɗa ɗan kwamiti na ɗaliban Mafara da Bakura da Maradun, su zaga mashigan yankinsu a hutu mai zuwa, su ƙirga jirage da riguna, su miƙa rahoto a rubuce ga shugabannin ƙananan hukumomin uku kafin saukar damina.

 Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kiyaye waɗanda ke bisa hanya.